Tambayoyi da Amsoshi Kan Zaɓen Matatar Iskar Babur da Sauya Hanyar Shigar Iska Cikin Inji

Matatar iska, wadda makanikai suka fi sani da eya-kilina, tana cikin kayan babur mafi araha, amma ita ce ke nuna ko inji zai daɗe yana aiki ko kuwa za a sauke shi a sake masa fistin da ringi tun bai tsufa ba. Tambayoyin da ke biye sun shafi masu ƙananan baburan haya da na zirga-zirga irin su Bajaj Boxer da TVS da Haojue da Jincheng, sun kuma shafi masu manyan babura da ke sha'awar ƙara wa injinsu ƙarfi.

Yaya yawan iskar da injin babur ke zuƙa, har ake damuwa da tace ta haka?

Kafin fetur ya ƙone ƙurmus a cikin inji, kowane kilo 1 nasa yana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Idan aka juya wannan lissafi zuwa ma'aunin da muka saba da shi a gidan mai, lita 1 ta fetur tana tafiya da iska kusan lita 9,000. Ƙaramin inji mai sisi 100 (cc, ma'aunin girman silinda) da ke juyi 6,000 a minti ɗaya yana iya zuƙar iska da ta kusa lita 300 a wannan mintin idan an buɗe masa totur gaba ɗaya. Duk ƙurar da ke cikin wannan iska, in ba a tare ta ba, cikin silinda za ta sauka, kuma ɗan acaɓan da ke bin bayan tifa a kan hanyar burji yana zuƙar ninkin abin da mai tafiya a kan kwalta yake zuƙa.

Wace irin ɓarna ƙura ke yi wa inji?

Yawancin ƙurar hanya ɓarɓashin yashi ce, kuma ƙwayar yashi ta fi ƙarfen da ake ƙera ringi da bangon silinda da shi tauri. Idan ta shiga, sai ta haɗu da man inji ta zama wani kwaɓi mai kaifi da ke goge ƙarfe a kowane hawa da saukar fistin. Tana cin bakin bawul ɗin shigar iska da mazauninsa, wanda ke sa tazarar bawul ta yi ta tsukewa har babur ya riƙa wuyar tashi da safe, sa'an nan ta ci ringi, inji ya fara shan baƙin mai yana fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa kuma ya ragu a kan hawa. A injin da ake haɗa wa mai da fetur, irin na Jincheng AX100 da tsofaffin Suzuki, ɓarnar ta fi zurfi, domin iskar tana ratsa ƙasan injin ne kafin ta hau silinda, saboda haka ƙurar tana samun boris ɗin karanshaf kai tsaye.

Wannan matsala tana tsananta a lokacin hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke ɗauko ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta shimfiɗa ta a kan Nijar da arewacin Najeriya har zuwa Ghana. Ƙurar hazo laushi gare ta ƙwarai, tana ratsa ƙofofin da yashin hanya ba zai iya ratsawa ba, shi ya sa matatar da aka yaba wa a Turai ko Amurka ba lallai ba ne ta dace da Kano ko Maraɗi.

Matata iri nawa ce, kuma wacce ta fi dacewa?

Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai ta takarda, wadda aka nannaɗe ta lanƙwasa-lanƙwasa domin faɗinta ya ƙaru a cikin ɗan ƙaramin wuri. Tana tace ƙura mai laushi sosai, ba ta buƙatar wata hidima, amma ba ta jure ruwa, kuma idan ta toshe sai dai a sake wata. Wasu kamfanoni, kamar Honda, suna fitar da takardar da aka riga aka jiƙa da mai tun daga masana'anta, kuma wannan ba a wanke ta, ba a kuma hura mata iska.

Akwai ta soso, wadda yawancin baburan daji da ƙananan baburan aiki da dama ke zuwa da ita. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba soson ne ke kama ƙura ba, man da aka shafa masa ne. Ramukan soso sun fi ƙwayar ƙura girma nesa ba kusa ba, amma da yake iskar tana karkacewa nan da can kafin ta fita ɗaya gefen, ƙurar tana cin karo da bangon ramukan ta manne wa man. Busasshen soso, komai sabuntarsa da tsabtarsa, yana tare ganye da ƙwari da tsakuwa ne kawai. Ana yawan ganin an wanke soso fes an mayar da shi haka nan babu mai, mai babur kuma ya tafi yana murna cewa babur ɗinsa ya ƙara sauƙin ja, alhali kuwa an buɗe wa ƙura hanya ne.

Ta uku ita ce ta yadin auduga mai ruɓi-ruɓi da aka matse a tsakanin ragar waya aka shafa wa mai, wadda kamfanin K&N na Amurka ya yi suna a kanta, akwai kuma BMC na Italiya da DNA na Girka. Tana barin iska ta wuce cikin sauƙi, ana wanke ta a sake amfani da ita shekaru da dama, sai dai sauƙin wucewar iskar yana zuwa ne da farashi, domin a galibin gwaje-gwajen da ake yi bisa ma'aunin ƙasa da ƙasa na gwajin matatar iska, ISO 5011, takarda mai kyau tana riƙe ƙura mai laushi fiye da ita.

A ganina, mai hawa babur a ƙasar da ƙura ba ta yankewa ya tsaya a kan irin matatar da kamfani ya sa wa babur ɗinsa, takarda ce ko soso, ya kuma mayar da hankali ga kula da ita. Ta auduga ta fi dacewa da babban babur da ba ya barin kwalta.

Shin matata mai sakin iska da yawa tana ƙara wa babur ƙarfi?

Tana iya ƙarawa kaɗan, idan har matatar asali ce ke takura injin, kuma a mafi yawan babura ba ita ba ce. Abin da ke iyakance iskar da ƙaramin inji ke sha shi ne faɗin maƙogwaron kabureta da girman bawul da tsawon lokacin da yake buɗe, sai kuma salansa. Injin babur mai sisi 100 ƙarfinsa bai wuce na doki 7 zuwa 8 ba, saboda haka ko da an samu ƙarin kashi 2 ko 3 cikin 100, abu ne da bai kai rubu'in doki ɗaya ba, wanda babu mahayin da zai ji shi a jikinsa. Abin da ake ji shi ne ƙara. Da zarar an saki hanyar iska, rurin zuƙar injin yakan fito fili, kunne kuma ya shaida wa mutum cewa gudu ya ƙaru ko da agogon gudu bai nuna haka ba. A manyan babura masu silinda huɗu ana samun ƙarin da ake iya aunawa, amma galibi sai an haɗa da sauya salansa da sake tsara yawan man da ke shiga, kuma a saman juyin inji ne ake ganin ribar, wurin da ba kasafai mai tafiya cikin gari ke kaiwa ba.

Me zai faru idan aka cire akwatin iska aka ɗaura matata tsirara a bakin kabureta?

Wannan sauyi ne da matasa ke so saboda kyan gani da kuma amo, amma akwatin da ake cirewa yana da ayyuka da yawa ban da riƙe matata. Yana tara iska natsattsiya wadda iskar hanya ba ta kaɗawa, domin kabureta ta riƙa samun zuƙa iri ɗaya ko babur na tsaye ko yana gudu, ko iska na bugowa daga gefe. Girmansa da tsawon bututunsa an auna su ne yadda bugun iskar da ke kai da komo a ciki zai taimaka wajen cika silinda a ƙasa da tsakiyar juyin inji, wato daidai inda ake buƙatar ƙarfi wajen tashi da kaya ko fasinja. Yana kuma kare matata daga ruwan sama da feshin tayar baya, shi ne kuma ke karɓar tiyon da ke fitar da tururin mai daga cikin inji.

Matata tsirara tana rasa duk wannan. Wurin da take zama bayan silinda ne, inda iskar da ta riga ta ɗauki zafin inji ke bi, kuma duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, abin da ke da muhimmanci a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri inda zafi ke haura digiri 40. Baburan da kaburetarsu ke da robar da zuƙar iska ke ɗagawa su suka fi wahala, domin an tsara su ne bisa takurar da akwatin ke yi, kuma da zarar an cire shi sai babur ya riƙa shaƙewa a tsakiyar totur, gyaran kuma yakan ci lokaci kafin a dace. Idan mutum ya nace sai ya yi, to ya zaɓi ta soso mai ruɓi biyu a kan ta ragar waya, ya sa wa tiyon numfashin inji tasa ƙaramar matatar, kada ya bar shi a buɗe yana lilo, ya kuma shirya sake jet, wato ɗan ƙarfe mai huda da ke ƙayyade yawan fetur a cikin kabureta.

Huda ramuka a jikin akwati ko cire bututun bakinsa fa?

Cire bututun yana ƙara amo, yana kuma sauko da mashigar iska kusa da ƙura da ruwa. Huda ramuka kuwa aiki ne da ba ya komawa baya, kuma idan aka yi kuskure aka huda ɓangaren da ke bayan matata, to ƙura ta samu ƙofa kai tsaye zuwa silinda. Haka nan bututun da ake miƙawa gaba wai domin gudu ya tura iska ciki da ƙarfi ba ya yi wa ƙaramin babur amfani. Kawasaki ta sa irin wannan tsari a babur ɗinta ZZR1100 a 1990, yana kuma aiki a can saboda tsananin gudunsa, amma a gudun kilomita 100 a awa ɗaya matsin da iska ke ƙarawa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Dole ne a taɓa kabureta bayan an sauya hanyar iska?

Idan matata ce irin ta asali aka sake, babu buƙata. Idan kuwa an saki iska fiye da da, to wajibi ne, domin kabureta ba ta san an yi sauyi ba, kuma raguwar zuƙa a bakin jet tana sa fetur ya yi kaɗan a cikin haɗin. Alamomin ƙarancin mai su ne inji ya riƙa zafi fiye da kima, salansa ta riƙa tartsatsin ƙara idan an saki totur, babur ya yi jinkirin amsawa ko ya fi lafiya idan an ɗan ja cok, silo, wato juyin inji idan ba a murɗa totur ba, ya daɗe a sama kafin ya sauko, bakin filogi kuma ya yi fari fat. Wannan hali ya fi yawan mai haɗari, domin yana iya ƙona bawul ko ya huda kan fistin a doguwar tafiya. Alamomin yawan mai kuwa su ne filogi baƙi mai kunkunniya da baƙin hayaƙi da nauyin ja da ƙarin shan fetur. Launin da ake nema a bakin filogi shi ne ruwan ƙasa mai haske.

Gyaran yana da tsari. Ƙaramin jet da sukurun iska su ke kula da silo zuwa kusan rubu'in totur, allura da matsayin kilif ɗinta su ke kula da tsakiya, babban jet kuma shi ke kula da kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. A fara da babban jet da ya ɗan fi girma, a riƙa saukowa mataki-mataki, ana sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya ana gwadawa da injin da ya riga ya ɗumama. Ba na goyon bayan faɗaɗa ramin jet da waya ko allurar ɗinki kamar yadda wasu ke yi, domin bambancin jet da jet bai kai kaurin gashi ba, ramin da aka ɓata kuwa ba ya gyaruwa.

Babur mai allurar fetur da kwamfuta ba zai daidaita kansa ba?

Zai daidaita, amma iya wani mizani. Irin waɗannan babura sun yawaita tun da dokokin hayaƙi suka tsananta, kamar Euro 4 da Euro 5 a Turai da BS6 da Indiya ta fara aiki da shi a watan Afrilun 2020. Na'urar da ke jikin salansa tana auna iskar oksijin da ta rage a hayaƙi, kwamfuta kuma ta gyara yawan mai, sai dai hakan yana faruwa ne a silo da matsakaiciyar tafiya. Idan aka buɗe totur gaba ɗaya, yawancinsu suna komawa ga jadawalin da kamfani ya rubuta musu. Sauya matata kaɗai a cikin akwatin asali ba ya kawo matsala galibi, amma cire akwati ko haɗawa da buɗaɗɗiyar salansa yana buƙatar a sake rubuta jadawalin, ko a ƙara na'ura irin Power Commander ta kamfanin Dynojet, a kuma auna a kan injin gwajin ƙarfi.

Sakin iska yana rage shan mai?

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 wannan tambaya ta ƙara yawa, kuma mai biyan balas kullum yana da dalilin yin ta. A babur mai kabureta, matatar da ta toshe tana aiki kamar an ja cok, saboda haka tsabtace ta yana dawo da shan mai yadda yake tun asali, wannan riba ce ta gaske. Amma wuce nan, wato cire soso ko ɗaure jet fiye da ƙa'ida domin lita ta ƙara nisa, ɗan abin da aka tara a gidan mai ba ya kaiwa kuɗin fistin da ringi da bawul da ladan makanike da kwanakin da babur zai yi a ajiye. Ƙananan ƙarafan da ake sayarwa wai suna murɗa iska a bakin kabureta su rage shan mai kuwa ba su da wani amfani da aka tabbatar.

Yaya ake wanke matatar soso yadda ya kamata?

A fara goge kewayen murfin kafin a buɗe, sa'an nan a toshe bakin bututun da ke zuwa kabureta da tsumma mai tsabta. A wanke soson da kananzir ko maganin wankinsa na musamman, a bi da ruwan ɗumi da sabulu har ruwan ya fita garau. A guji fetur, domin yana cin gam ɗin da ya haɗa soson, ga kuma haɗarin gobara. Matse shi ake yi a tsakanin tafin hannu, ba a murɗe shi kamar wanki, saboda murɗawa na yaga ramukansa. A bar shi ya bushe sarai a inuwa.

Wajen sa mai, hanya mafi sauƙi ita ce a saka soson a cikin leda mai tsabta, a zuba man, a riƙa murza shi ta bayan ledar har launin ya game ko'ina babu fari-fari, sa'an nan a fitar a matse rarar da tsumma. Ya kasance yana da danshi da ɗan danƙo a yatsa amma ba ya ɗiga. Man matata na musamman shi ya fi, domin ba ya tsiyayewa ƙasa. In babu shi, littattafan wasu kamfanoni sun yarda da man giya mai lamba 80 zuwa 90 ko sabon man inji, amma ban da tsohon baƙin mai da aka juye daga inji, wanda ke ɗauke da ɓarɓashin ƙarfe. A ƙarshe a shafa giris siriri a gefen da soson ke haɗuwa da akwati, a tabbatar ya zauna daidai, a kuma tuna a cire tsumman nan kafin a rufe.

Ta takarda fa, ana iya tsabtace ta?

Busasshiyar takarda ana iya bubbuga ta a hankali, ko a hura mata iska marar ƙarfi daga ɓangaren da ke fuskantar inji zuwa waje. Iskar injin mai faci ta yi ƙarfi da yawa idan aka kusanto da ita, tana yin ƙananan hudoji da ido ba ya gani. Ba a wanke ta, ba a kuma shafa mata mai.

Yaushe ya kamata a duba ta, kuma ta yaya za a san ƙura tana wucewa?

Tazarar da ke cikin littafin babur an yi ta ne domin hanya mai tsabta, kuma littattafan da kansu suna cewa a rage ta a wuri mai ƙura. Mai aikin haya ya duba a kowane juyen mai, a lokacin hunturu ko a hanyar karkara kuwa kowane mako. Gwajin da ya fi komai bayyana gaskiya shi ne a cire matatar, a naɗa farin ƙyalle a yatsa, a shafa cikin bututun robar da ke bayanta. Idan ƙyallen ya fito da ɗan danshin mai kawai, lafiya lau. Idan ya fito da ja-jan gari, ko yatsa ya ji gurzar yashi, to ƙura tana wucewa, kuma sau da yawa ba ta jikin matatar take bi ba, ta gefenta ne, ko ta murfin da sukurunsa ɗaya ya ɓace, ko ta tsagar robar da ta bushe saboda zafi. Yana da kyau a lanƙwasa robar da hannu a duba, domin tsagar ba ta bayyana sai an taɓa.

Ta yaya ake gane jabu a kasuwa?

A tafi da tsohuwar a gwada su gefe da gefe. A takarda, a ƙirga lanƙwasar, domin jabu takan yi ƙaranci, a ɗaga ta ga haske a duba ko akwai inda ya fi ratsawa, a kuma taɓa robar gefenta a ji ko tana da laushin da za ta like. A soso, a ja shi kaɗan a ga ko zai koma yadda yake ba tare da marmashewa ba. Soson katifa ko na kujera da wasu ke yankawa su cusa ba a yi shi domin jure mai da fetur ba, yana narkewa, gutsattsarinsa kuma su bi iska su toshe kabureta. Wanda babur ɗinsa ke cikin garanti ko bai gama biyan kuɗinsa ba ya sani cewa sauya hanyar iska na iya zama hujjar da dila zai ƙi ɗaukar nauyin gyaran inji.

Tafiya wuri mai tudu kamar Jos tana buƙatar sauyi?

Jos tana kan tsayin kimanin mita 1,200, tsaunin Mambila kuma ya fi haka, iska a can ta fi sauƙin nauyi, inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300, haɗin kuma yana karkata ga yawan mai. Mai ziyara ba ya buƙatar taɓa komai. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mazaunin can da aka rage wa jet, idan ya gangaro Lafiya ko Makurɗi, domin a ƙasa man zai yi masa kaɗan.

Me za a yi idan ruwa ya shiga akwatin iska a damina?

Idan babur ya mutu a tsakiyar ruwa, kada a buga kik, kada kuma a tura shi a giya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma idan fistin ya hau ya same shi a silinda yana iya lanƙwasa sandar da ta haɗa shi da karanshaf. A turo babur waje, a buɗe akwatin a zubar da ruwan, a cire toshiyar tiyon tsiyaya da ke ƙasansa, a kwance filogi, sa'an nan a buga kik a hankali har ruwan ya gama fita ta ramin filogin. A kwance sukurun ƙasan kabureta a zubar da abin da ke cikin kwanonta. Takardar da ta jiƙe a sake ta, soso kuwa a wanke a busar a sake masa mai. Daga nan a duba man inji, idan ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara to ruwa ya gauraya da shi, sai a juye a zuba sabo, a bar injin ya yi aiki na ɗan lokaci, a sake juyewa idan launin bai washe ba.